Ɗaukewar Burauza Sakamakon Jonannun Manhajoji: Dalilai da Hanyoyin Gano Matsalar

9.1 Gabatarwa

Malamin Hausa na wannan zamani ba da alli da littafi kaɗai yake shiga aji ba. Sau da yawa yakan buƙaci buɗe wa ɗalibansa wani shafi na intanet domin su saurari furucin wasu sautuka, ko su kalli yadda ake gudanar da wani bikin gargajiya, ko kuma su karanta wata maƙala da aka adana a siffar PDF. A irin wannan hali ne wani lokaci burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, takan tsaya cak ko ta rufe kanta ba tare da an umarce ta ba, ta bar malami tsaye a gaban ɗalibai, lokacin darasi yana ta tafiya. Ga ɗalibin da yake aikin gwajin koyarwa, mai dubawa yana zaune a bayan aji da biro a hannu, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Wannan babi zai dubi ɗaya daga cikin manyan dalilan da suke haifar da hakan, wato abubuwan da ake cusawa a cikin shafi waɗanda burauza take neman taimakon wata manhaja kafin ta nuna su. Ana sa ran idan ɗalibi ya kammala nazarin babin zai iya bayyana yadda matsalar take aukuwa, ya bi matakan gano tushenta, sannan ya yi wa wani bayaninta da Hausa tsantsa.

9.2 Kalmomin da Za a Yi Amfani da Su

Kalmar burauza ararriya ce daga Ingilishi, kuma ta riga ta zauna a bakin masu amfani da kwamfuta da wayar hannu, don haka ba a ga dalilin sauya ta ba. Misalanta su ne Chrome da Firefox da Edge da Safari da Opera.

Wadda take buƙatar ɗan bayani ita ce jonanniyar manhaja. Abin nufi da ita shi ne wata manhaja ta daban, wadda wani kamfani daban ya rubuta, da ake haɗa ta da burauza domin ta nuna abin da burauzar ba ta iya nunawa da kanta, kamar bidiyo ko zane mai motsi ko wasa. An ƙirƙiri sunan ne daga aikatau jona, wanda Bahaushe yake amfani da shi idan ya ce "jona caja" ko "jona wuta". An bi ƙa'idar samar da sifa daga aikatau kamar yadda ake samun dafaffiya daga dafa, ko rubutacciya daga rubuta, sai aka sami jonanniya, jam'i kuma jonannu. A ganina wannan ya fi "ƙaramar manhaja" da wasu suke cewa, domin ba ƙanƙanta ce siffar da ta bambanta ta da sauran manhajoji ba. Wasu jonannun ma sun fi burauzar nauyi.

Wajibi ne a bambanta ta da manhajar ƙari. Ita manhajar ƙari mai kwamfuta ne yake ɗora ta a kan burauza domin ta sauya yadda burauzar take aiki, alal misali ta toshe tallace-tallace ko ta fassara shafi. Jonanniya kuwa shafin intanet ne yake kiran ta idan akwai abin da yake so ta nuna. Mutane da yawa suna haɗa su a suna ɗaya, kuma wannan ruɗani yakan sa a yi ta neman cuta a inda ba ta.

Haka kuma za a bambanta daskarewa da ɗaukewa. Idan burauza ta daskare, tana nan a kan allo amma ba ta amsa umarni. Idan kuwa ta ɗauke, to ta rufe ke nan gaba ɗaya, kamar yadda wutar lantarki take ɗaukewa, ko kuma shafi ɗaya ya mutu a maye gurbinsa da saƙon ban haƙuri.

9.3 Taƙaitaccen Tarihi

Burauzocin farko rubutu da hotuna marasa motsi kawai suke nunawa. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya buɗe ƙofar jonannun manhajoji a burauzarsa mai suna Navigator 2.0 wadda ta fito a 1996, ta hanyar wani tsari da aka sani da NPAPI. Sauran burauzoci da yawa sun karɓi wannan tsari, sai dai kamfanin Microsoft ya fito da nasa mai suna ActiveX a 1996 domin burauzarsa Internet Explorer. Daga nan jonannu suka yawaita: Java ta kamfanin Sun, da QuickTime ta Apple, da RealPlayer, da Adobe Reader mai buɗe takardun PDF, da Silverlight da Microsoft ya fitar a 2007.

Babu wadda ta kai Flash shahara a cikinsu. Kamfanin Macromedia ne ya saye ta a 1996 ya raɗa mata wannan suna, sannan Adobe ya sayi Macromedia a 2005. A wannan shekarar ce aka kafa YouTube, wanda ya dogara da Flash wajen nuna bidiyo har zuwa Janairun 2015. Duk wanda ya zauna a shagon intanet a shekarun 2000 zai tuna da saƙon da yake cewa sai an sauke Flash kafin a ga abin da yake cikin shafi. Kayan koyarwa masu yawa na wancan lokaci, har da waɗanda ake rabawa a faifan CD, da ita aka shirya su.

Shaharar tata ta zo da ƙorafi. A watan Afrilun 2010 shugaban kamfanin Apple, Steve Jobs, ya rubuta wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilan hana Flash shiga iPhone da iPad, inda ya ce ita ce babban abin da yake sa kwamfutocin Mac ɗaukewa. Ko da yake akwai gasar kasuwanci a cikin maganar, ƙorafin ba nasa ba ne shi kaɗai. A watan Oktoban 2014 aka kammala daidaita HTML5, wanda ya ba burauza damar nuna bidiyo da sauti da zane da kanta. Chrome ta daina karɓar jonannun NPAPI a Satumban 2015, Firefox kuma ta bi sahu a Maris na 2017, ta bar Flash kaɗai. A watan Yulin 2017 Adobe ya sanar da cewa zai yi watsi da Flash, ya kuma cika alkawari ranar 31 ga Disamba, 2020. Daga 12 ga Janairu, 2021 manhajar da kanta ta fara ƙin buɗe duk abin da aka shirya da ita. Silverlight ta bi bayanta a Oktoban 2021, sannan aka yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022.

Ɗalibi zai iya tambaya: to mene ne amfanin nazarin abin da ya riga ya shuɗe? Amsa ta farko ita ce, ɗakunan kwamfuta na makarantu da yawa suna ɗauke da tsofaffin na'urori masu tsofaffin burauzoci, kuma tsofaffin kayan koyarwa ba su ɓace ba. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, cusa abu a cikin shafi bai ƙare ba, salo kawai ya sauya. Shafin jarida guda ɗaya a yau yana iya ɗaukar bidiyo daga wani kamfani, da taswira daga wani, da tallace-tallace daga wasu da dama, kowanne yana gudanar da nasa aiki a cikin wani ɗan fili da aka yanka masa. Ko a Firefox ta yanzu ma akwai sauran jonannu biyu da ake gani a jerinta, wato OpenH264 ta kamfanin Cisco da Widevine ta Google, waɗanda suke taimakawa wajen nuna wasu nau'o'in bidiyo.

9.4 Yadda Jonanniya Take Sa Burauza Ta Ɗauke

Duk manhajar da aka buɗe a kwamfuta, babbar manhajar gudanarwa, kamar Windows, takan yanka mata wani yanki na ma'adanar wucin-gadi, wadda aka fi sani da RAM, ta ce mata nan ne iyakarta. Idan manhajar ta yi kuskure ta nemi karantawa ko rubutawa a wajen da ba nata ba, sai babbar manhajar ta rufe ta nan take domin kada ɓarnar ta yaɗu. Wannan rufewa ita ce ɗaukewa.

A tsarin farko, jonanniya a cikin yankin burauza take aiki. Kamar maigida ne ya sauki baƙo a cikin turakarsa maimakon ɗakin baƙi: idan baƙon ya ture fitila, ba kayansa kaɗai za su ƙone ba. Ke nan, kuskure ɗaya a cikin ɗan tallan da yake motsi a gefen shafi ya isa ya rufe dukkan shafukan da aka buɗe, har da wasiƙar da mutum ya kwashe rabin sa'a yana rubutawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, masu burauzar ba su ne suka rubuta jonanniyar ba, ba su kuma da ikon gyara ta. Mai kwamfuta kuwa sunan burauza yake gani a kan allo, saboda haka ita yake ɗora wa laifi.

Chrome, wadda ta fito a Satumban 2008, ta zo da tsarin gina wa baƙo ɗakinsa: shafuka da jonannu kowanne yana aiki a yankinsa daban. Firefox ta ɗauki irin wannan mataki game da jonannu a sigarta ta 3.6.4 a watan Yunin 2010. Daga nan, idan Flash ta mutu, ɗan filinta kawai yake zama toka-toka da saƙon cewa ta ɗauke, sauran shafin yana nan daram. Wannan ne ya sa ɗaukewar burauza gaba ɗaya ta yi ƙaranci a yau, sai dai mutuwar shafi ɗaya. Amma kariyar tana da farashi, domin kowane ɗaki da aka gina yana cin nasa kaso na ma'adanar wucin-gadi. Kwamfutar da take da gigabait 2 ko 4 kacal ba ta daɗewa take cika idan aka buɗe shafuka masu bidiyo da yawa, kuma cikar ma'adana tana daga cikin manyan dalilan mutuwar shafi a zamanin nan.

Akwai wasu dalilan. Rashin daidaito tsakanin siga da siga, wato sabuwar burauza da tsohuwar jonanniya, ko jonanniya iri ɗaya har kwafi biyu a na'ura guda. Akwai kuma umarnin da aka rubuta ba daidai ba wanda yake ta zagaye ba ya ƙarewa, wanda shi daskarewa yake haifarwa. Sai kuma saɓani da katin hoto: burauza takan miƙa wa wannan ɓangare na kwamfuta aikin nuna bidiyo domin a sami sauri, to idan manhajar da take sarrafa katin, wadda ake kira direba, ta tsufa ko tana da aibi, sai allo ya yi baƙi ko kore, ko shafin ya mutu da zarar bidiyo ya fara.

9.5 Matakan Gano Matsalar

Ɗalibin da ya yi nazarin tsarin sauti ya riga ya san ƙa'idar da wannan aiki ya ginu a kanta. Idan ana son tabbatar da cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne daban-daban, ana kawo zubin kamantau, kamar baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, inda aka sauya sauti ɗaya tak aka bar saura. Da za a sauya biyu a lokaci guda, da ba a san wanne ne ya kawo bambancin ma'ana ba. Haka binciken matsalar burauza yake: abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a wuce na gaba. Mafi yawan waɗanda suke kasa gano matsala sukan taɓa abubuwa biyar a tare, idan ta tafi ba su san abin da ya kore ta ba, idan ta dawo kuma su koma farko.

Mataki na farko lura ce. A wane shafi abin yake faruwa? Da zarar an buɗe shi ne, ko sai an danna bidiyo? Burauzar ce gaba ɗaya take rufewa, ko shafi ɗaya? Me saƙon ya ce? A rubuta saƙon harafi da harafi, ko a ɗauki hotonsa da waya, domin "ta ƙi yi" ba bayani ba ne da wani mai gyara zai iya aiki da shi. Burauzoci suna ajiye tarihin ɗaukewarsu: a Firefox ana rubuta about:crashes a gurbin adireshi, a Chrome kuma chrome://crashes, sai a ga ranaku da lokutan da abin ya faru.

Daga nan sai a buɗe wannan shafin a wata burauza daban a kan kwamfutar, sannan a wata kwamfutar ko waya. Idan ya mutu a ko'ina, laifin shafin ne ko abin da aka cusa a cikinsa, kuma babu abin da malami zai gyara a na'urarsa. Sai ya nemi wata hanyar samun kayan. Idan a burauza ɗaya ne kawai, matsalar tana cikinta. Idan kuwa dukkan burauzocin kwamfuta ɗaya suna mutuwa amma wata kwamfutar lafiya lau, sai a karkata ga ma'adanar wucin-gadi ko direban katin hoto. Wannan gwaji ba ya cin minti biyar, amma shi ne yake raba hanya.

Idan zargi ya faɗa kan burauza ɗaya, sai a tashe ta ba tare da manhajojin ƙari ba. A Firefox akwai yanayi na musamman domin haka mai suna Troubleshoot Mode, wanda a da ake kira Safe Mode. A kwamfutar Windows ana samun sa ta hanyar danne maɓallin Shift yayin buɗe burauzar. A Chrome kuwa ana iya buɗe tagar sirri, wato Incognito, domin manhajojin ƙari ba sa aiki a cikinta sai waɗanda aka ba su izini. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani: a tsofaffin sigogin Firefox, wannan yanayi yana kashe manhajojin ƙari ne amma ba ya kashe jonannu. Na taɓa ɓata yini guda a ɗakin kwamfutar wata kwaleji, ina shirin nuna wa ɗalibai zanen gaɓoɓin furuci mai motsi, saboda na ɗauka cewa tunda matsalar ta ci gaba a wannan yanayi, to jonannu sun kuɓuta daga zargi. Ashe wata tsohuwar Flash ce, wadda sai da na shiga jerin jonannu na kashe ta da hannu sannan burauzar ta zauna lafiya.

Idan matsalar ta ɓace bayan kashe manhajojin ƙari, ɗaya daga cikinsu ce mai laifi. Ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A kunna rabi a bar rabi a kashe, a gwada. Rabin da matsalar ta bayyana a cikinsa a sake raba shi biyu. Ta haka, manhajoji 16 gwaji 4 kawai suke buƙata.

Idan ba su ba ne, sai a duba abin da yake cinye ma'adana. A Chrome ta kwamfutar Windows, danna Shift da Esc tare yana buɗe jadawalin da yake nuna kowane shafi da kowane abin da aka cusa, da yawan ma'adanar da yake ci. A Firefox ana rubuta about:processes. Sau da yawa a nan ake ganin cewa ba darasin da aka buɗe ne yake da nauyi ba, wani talla ne a ƙasan shafin. Idan kuma matsalar tana zuwa ne daidai lokacin fara bidiyo, a shiga saitin burauza a kashe zaɓin miƙa aiki ga katin hoto, wanda a Firefox aka rubuta masa hardware acceleration, a rufe burauzar a sake buɗewa. Warkewar matsalar da wannan mataki alama ce cewa direban katin yana buƙatar sabuntawa.

Sabunta burauzar da kanta ma yana cikin magani, sai dai yana da iyaka a tsofaffin na'urori. Kwamfutar da take kan Windows 7 ba ta iya wuce Chrome 109 ko Firefox 115, saboda haka shafukan da aka gina da sababbin dabaru za su ƙara yi mata nauyi yayin da shekaru suke tafiya. Cire burauza a sake ɗora ta, wanda shi ne abin da mutane suka fi gaggawar yi, shi ya kamata ya zo ƙarshe, domin sau da yawa saituna da manhajojin ƙari suna nan a ajiye a wani wuri daban, kuma sabuwar burauzar za ta ɗauko su da matsalarsu. Ƙirƙirar sabon asusun mai amfani a cikin burauzar ya fi wannan bayar da amsa.

9.6 Tsofaffin Kayan Koyarwa

Malamin da ya gaji wani darasi da aka shirya da Flash, wanda akan gane shi da harufan swf a ƙarshen sunan fayil, kada ya je neman tsohuwar manhajar a intanet. Tun daga ƙarshen 2020 ba a toshe ramukan tsaro da suke cikinta, kuma duk shafin da ya ce wa mutum a yau ya sauke ko ya sabunta Flash, to a ɗauke shi a matsayin tarkon masu yaɗa mugayen manhajoji. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Ruffle wadda take kwaikwayon aikin Flash ba tare da buƙatar ta ba, kuma da ita ma'adanar Internet Archive ta fara nuna tsofaffin ayyukan Flash a Nuwamban 2020. Ba kowane fayil take iya buɗewa daidai ba, don haka sai an gwada.

Game da bidiyo da sauti na yau da kullum kuwa, abin da ya fi wa malami kwanciyar hankali shi ne ya sauke su tun kafin ranar darasi, matuƙar masu su sun yarda da hakan, ya kunna su da manhajar kallo irin su VLC, ba tare da burauza ko intanet ba. Ya kuma gwada su a kan ainihin kwamfutar da zai shiga aji da ita, ba a kan tasa ta gida ba.

9.7 Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin da yake tsakanin jonanniyar manhaja da manhajar ƙari, tare da misalai.

2. Me ya sa kuskuren jonanniya yake rufe burauza gaba ɗaya a tsarin farko, kuma wane sauyi aka samu a 2008 da 2010?

3. Wani shafi yana mutuwa a Chrome da Firefox a kwamfutar makaranta, amma yana buɗewa a wayar malami. Ina za ka karkata bincikenka, kuma saboda me?

4. Kawo kalmomi biyar da aka samar ta hanyar da aka samar da jonanniya, sannan ka ba da shawarar wani suna da kake ganin ya fi shi dacewa, ka kare ra'ayinka da hujjojin nahawu.

5. Rubuta wa shugaban ɗakin kwamfuta rahoto da Hausa, wanda bai wuce shafi ɗaya ba, game da wata ɗaukewar burauza da ka taɓa gani, ka nuna matakan da ka bi da sakamakon kowanne.